Ra'ayinmu: Ɗaukar Hoton Birai A Gidan Namun Daji

Duk ɗan makaranta ko ma'aikacin da ya tashi daga Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu ya je Kano yawon Salla, da wuya ya komo gida bai leƙa gidan namun dajin nan da marigayi Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970 ba. In kuwa ya shiga, inda zai fi daɗewa shi ne gaban kejin birai. Dalili a fili yake: zaki da kura barci suke yi da rana, shi kuwa biri ba ya zama wuri ɗaya, ga shi kuma, kamar yadda Bahaushe ya ce, ya yi kama da mutum. A da sai an nemi mai hoto an biya shi. Yanzu kowa da na'urar ɗaukar hoto cikin wayarsa.

Ba mu ga laifin ɗaukar hoto ba, muna ma ƙarfafa shi. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake samun hoton. Wanda ya taɓa tsayawa gaban keji ranar biki a irin waɗannan gidaje ya san abin da muke nufi. Wani ya buga waya da sanda don biri ya waiwayo, wani ya jefa tsakuwa, wani ya miƙa alewa ko ragowar lemon kwalba, wani kuwa ya ƙetare shinge ya juya wa keji baya ya ɗaga wayarsa. In birin ya yage baki haƙora suka bayyana sai a bushe da dariya, a ce ga shi yana murmushi. Alhali kuwa masanan halayen dabbobi sun daɗe da bayyana cewa a wurin yawancin birai wannan yage baki alamar tsoro ce da miƙa wuya. Hamma kuma da gwaggon biri ke yi yana nuna fiƙoƙinsa, gargaɗi ne, haka nan zura masa ido tsokanar faɗa ce a wurinsa. Watau hoton da yaro ya kawo gida yana alfahari da shi, sau da yawa hoton dabba ce a firgice.

Akwai kuma batun lafiya, ta ɓangarorin biyu. Fiƙar namijin gwaggon biri takan kai inci biyu, kuma hannunsa ya fi na mai riƙe da waya sauri. Daɗin daɗawa, saboda kusancin halittarmu da su, mura da tarin fuka da ƙyanda duk suna iya tsallakawa daga mutum zuwa biri. A watan Janairu na 2021 an tabbatar da cewa manyan biran nan da ake kira gorila sun kamu da cutar korona a gidan namun daji na San Diyego a Amurka, gidan da ya fi namu kuɗi da likitoci nesa ba kusa ba.

Amma ɓarnar da ta fi girma ba a gaban keji take ba. Mu nan mun saba ganin gardawa a kasuwanni suna janye da gwaggon biri da sarƙa, an sa masa riga, ana ba da kuɗi yana rawa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi irin waɗannan mutane tsakanin 2005 da 2007, hotunansu kuma suka zaga duniya. Abin da ba a gani cikin irin wannan hoto shi ne yadda birin ya shigo hannu. Jaririn biri a jikin uwarsa yake manne, kuma ba ta sakinsa tana da rai. Saboda haka duk ɗan birin da ka gani a kafaɗar wani ana ɗaukar hoto da shi, to, ka ƙaddara maraya ne. Wannan ne ya sa a 2021 masanan birai na Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya suka fitar da ƙa'ida suna roƙon jama'a, har da su kansu masu bincike, su daina watsa hotunan mutum rungume da biri, domin irin hoton yana sa mai kallo ya ɗauka dabbar ta kiwo ce, ya shiga neman tasa.

Nijeriya kuwa sunanta ya fito cikin wannan ciniki fiye da sau ɗaya. A 2002 aka fitar da 'ya'yan gorila huɗu zuwa gidan namun daji na Taifin a Malesiya, da takardun da suka ce a gidan namun dajin Jami'ar Ibadan aka haife su. Bincike ya nuna daga daji aka kamo su, kuma sai a 2007 aka mayar da su Kamaru. A watan Disamba na 2024 ma an kama wani jaririn gorila cikin akwati a filin jirgin saman Istambul, an ɗauko shi daga Nijeriya za a kai shi Tailan. Duk wannan ya faru ne alhali muna da Doka ta 11 ta 1985 wadda ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, aka kuma ƙara tsananta hukuncinta a 2016.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu kula da gidajen namun daji da ma'aikatun da ke bisansu su ma suna da nasu aiki, kuma a nan ne hoto zai yi amfani na gaskiya. Masu karatu za su tuna da abin da ya faru a watan Yuni na 2019, lokacin da kuɗin shiga na Salla, wajen naira miliyan 6.8, suka ɓace a gidan namun daji na Kano, aka kuma baza labarin wai gwaggon biri ne ya haɗiye su. Jaridun Turanci suka ce gorila, duniya ta yi ta dariya, har sai da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya fito ya ce babu gorila a gidan sam. Abin lura shi ne jama'a da yawa, har da waɗanda suka sha zuwa wurin, ba su iya tantance gaskiya ba, domin ba su san abin da suka yi ta ɗauka a hoto ba. Lalle ne kowane gidan namun daji ya ajiye rajista mai hoton kowace dabba, da irinta, da ranar zuwanta, da inda aka samo ta, kuma a liƙa taƙaitaccen bayanin a jikin keji da Hausa. Takardar ƙarya irin ta 2002 ba za ta yi sauƙin wucewa ba inda akwai irin wannan rajista.

Mutanen Zamfara na da dalili na musamman na kula da wannan al'amari. Kakanninmu da ke noma a gindin duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi sun san jan biri da gwaggon biri a matsayin ɓarayin masara da gyaɗa, ba sai an kai su kallo ba. Yau rashin tsaro ya rufe wa ɗalibai dajin Kuyambana da na Kamuku, Yankari kuwa da nisa. Ga yawancin yaran da ke karatun ilmin halittu a Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojinmu, birin keji shi ne kaɗai birin da za su iya tsayawa su nazarta. Bai kamata abin da za su koya a gabansa ya zama tsokana ba.

Hoto mafi daraja da aka ɗauka na birai a ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya, babu mutum ko ɗaya a cikinsa. A 2020 ne aka fitar da hotunan da na'urorin da aka ɗaure a jikin itatuwa suka ɗauka a duwatsun Mbe na Jihar Kuros Riba, inda aka ga garken gorila da jarirai a bayan uwayensu. Irin wannan gorila ana ƙiyasin bai wuce ɗari uku ba a duk duniya, kuma hotunan sun zama shaida cewa suna haihuwa.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Zamfara ta aika wa shugabannin makarantu takarda, cewa duk malamin da zai jagoranci ɗalibai zuwa gidan namun daji ya karanta musu ƙa'ida kafin su sauka daga mota: ba ƙetare shinge, ba jifa, ba miƙa abinci, ba kunna fitilar hoto a fuskar dabba. Su isa da sassafe, lokacin da birai ke cikin walwala kuma jama'a ba su cika ba, su tsaya nesa kaɗan su jira. Kowane ɗalibi kuma ya komo da sunan irin birin da ya ɗauka da ƙasar da ake samunsa, a ba shi maki a kan haka. Ma'aikatar Muhalli kuwa da ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, su sa ma'aikatan gandun daji su riƙa tambayar duk wanda aka gani da ɗan biri a kasuwa ko tasha inda ya samo shi.