Ɗakin Ungozoma Ba Komisariya Ba Ne

Tun makon jiya maganar nan take yawo a Babbar Kasuwa, daga layin masu atamfa har wajen ƴan koli, kuma kowa ya ji ta: wai duk ungozomar da aka kawo mata yarinya tana zubar da jini, muddin ta yi zargin ciki aka zubar, wajibinta ne ta sanar da iyaye, ta sanar da miji in akwai, sannan ta kira komisariya, wato ofishin ƴan sanda. Wani mai wa'azi ne ya faɗe ta, ya ƙara da cewa ma'aikacin lafiyar da ya yi shiru abokin laifi ne. Ƴan kasuwa suka cafe, ana ta "wallahi gaskiya ne", kamar an samo maganin lalacewar tarbiyya a Yamai. Ni kam na ce wannan magana ɓarna ce, kuma ranar da aka fara aiki da ita, mata za su mutu.

Ta yaya ungozoma za ta sani? Wannan tambaya babu wanda ya yi ta a kasuwa. A cikin kowane ciki goma da aka san da shigarsa, ɗaya ko fiye yakan ɓare da kansa, ba tare da an sha komai ba. Macen da ta yi ɓari da wadda ta sha ƙwaya, jininsu ɗaya, ciwon mararsu ɗaya, wankin cikin da za a yi musu ɗaya. Likitan da ya duba ba zai iya rantsuwa ya ce wannan ce ko waccan ba. Abin da zai rage masa zato ne kawai, zato kuma mun san inda yake sauka. Zai sauka kan budurwa, kan bazawara, kan matar da mijinta ya tafi cirani Abidjan ko Libiya wata shida, kan ƴar aikin da ta zo daga ƙauye babu mai tsaya mata. Matar alhaji mai shago uku ba za a kira mata ɗan sanda ba, domin ita asibitin kuɗi za ta je, a rufe ƙofa.

An riga an gwada wannan hanya a wata ƙasa. A El Salvador, a 2008, wata matalauciya ƴar ƙauye da kotu ta sakaya sunanta da Manuela ta je asibiti jini yana zuba bayan haihuwa ta zo mata da matsala. Likitar da ta karɓe ta ita ta kai ƙara. Aka yanke mata ɗaurin shekara 30, ta mutu a tsare a 2010 da ciwon daji. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ce an zalunce ta, ta kuma umurci ƙasar ta gyara dokokinta kan sirrin majinyaci. Abin da ake kira mu kwaikwaya ke nan.

Masu wannan ra'ayi suna cewa tsoro zai hana ƴan mata. Tsoro bai taɓa hana wadda ta riga ta yanke ƙauna ba. Abin da zai hana ta shi ne zuwa asibiti. Za ta kwanta a ɗaki ta ce zazzaɓi ne, jini yana tafiya, mahaifa tana ruɓewa, sai ranar da ta suma a kwashe ta zuwa gidan haihuwa na Issaka Gazobi, lokacin da likitoci ba su da sauran dabara. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce a Nijar mata 441 ke mutuwa a kowace haihuwa dubu 100. Ƙasar da ke ɗauke da wannan adadi ba ta da hurumin korar ko mace ɗaya daga bakin ƙofar likita.

Kuma tun da a kasuwa aka fi ɗaga murya, bari in tsaya a kasuwar. Ina ƙwayoyin suke fitowa? Kowa ya san masu tallar magani da ke zagaye da faranti a ka, ko su shimfiɗa a ƙasa cikin ranar Yamai, a gefen Babbar Kasuwa, a Katako, a tashoshin mota. Maganin da ya kamata a ajiye a inuwa yana gasuwa tun safe har la'asar. Babu takardar likita, babu tambaya, mai sayarwa bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba, amma shi ne zai ce a sha biyu, a sha huɗu. A wajen irinsu ake samun tramadol ɗin da ya lalata samarinmu. Shekara da shekaru muna ganinsu, muna gaisawa da su, muna sallah sahu ɗaya. Ban taɓa jin an tara jama'a an yi wa'azi a kansu da zafin da aka yi a kan yarinyar da ke kwance cikin jini ba. Wanda ya sayar yana nan yana ciniki, wadda ta saya ita za a miƙa wa ƴan sanda. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Doka fa? Babu mai musun cewa kundin hukunta laifuka na 1961 ya haramta zubar da ciki kuma ya tanadi ɗauri. Amma kundin nan dai ya tanadi hukunci ga likita, ungozoma ko mai farmasi da ya tona sirrin da aka ba shi saboda aikinsa. Dokar lafiyar haihuwa ta watan Yuni 2006 ta halatta katse ciki in rayuwa ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko in ɗan tayin na ɗauke da cuta mai tsanani, ta kuma amince wa majinyaci da haƙƙin a rufa masa asiri. Bincike aikin ƴan sanda ne, hukunci aikin alƙali, aikin ungozoma tsayar da jini. Masu son ta zama ƴar rahoto, waɗanda kullum suke zargin wasu da kwaikwayon Turawa, su san inda ra'ayinsu ya samo asali. A 1939 Faransa ta buɗe wa likitocinta ƙofar kai ƙarar zubar da ciki, a 1943 gwamnatin Vichy ta fille kan wata mata, Marie-Louise Giraud, saboda zubar wa mata ciki. Faransa kanta ta bar wannan hanya tun 1975.

Za a ce mini addini. To, mu je addinin. Ni ɗan Malikiyya ne kamar mafi yawanku, na san mazhabarmu ta fi kowace tsanantawa a kan zubar da ciki, kuma ban zo halatta shi ba. Amma addinin da ya haramta shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat. Shi ne ya ce wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba a yi masa bulala 80. Lokacin da wani mutum mai suna Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin laifi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kau da kai ya riƙa yi, daga baya kuma ya nuna wa wanda ya turo shi cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta zartar cewa sirrin majinyaci amana ce a wuyan likita, asali haramun ne a bayyana shi. Na san za a ce ai ta yi togaciya inda ɓoyewa zai jawo cutar da ta fi girma. Wace cuta ce za a kawar da tona asirin wadda abin ya riga ya faru da ita? Babu, sai dai a ƙara mata wata. Kakanninmu da ba su san asibiti ba sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin baƙin ciki, ko ba a kafa doka ba asirin yana fita. Na taɓa raka wata ƴar uwa wani ɗakin shan magani, ina zaune na ji ma'aikaciya ta ɗaga murya daga cikin ɗaki tana tambayar wata yarinya ko tana da aure, layi cike da mata ƴan unguwa ɗaya. Kafin magariba labarin ya riga yarinyar isa gida. Yau kuma ga wayar salula, ana ɗaukar hoton rajista a tura wa ƙawa. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita. A nan ya kamata a tsananta, ma'aikacin da ya yi haka a hukunta shi a gaban abokan aikinsa.

Wannan faɗa tsoho ne. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. A 2018 ministan lafiya na lokacin, Idi Illiassou Mainassara, ya rufe cibiyoyi biyu na ƙungiyar Marie Stopes bisa zargin zubar da ciki ba bisa doka ba. Kowane lokaci an yi ta hayaniya a kan mace da jikinta, kuma kowane lokaci akwai mutum ɗaya da ba a ambata, wato wanda ya yi cikin. Ƴar tallar da ke ratsa layukan kasuwa da farantin gyaɗa ba ita kaɗai ta yi wa kanta ciki ba. Wani ne ya kira ta bayan shago, ya saye farantin duka, ranar da ta gaya masa ya miƙa mata jika biyar ya ce ta san yadda za ta yi. Irin wannan mutum na iya kasancewa cikin masu cewa "wallahi gaskiya ne" a makon jiya. Mai wa'azin bai ce a kira masa komisariya ba.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da ƙungiyoyin likitoci da na ungozomomi su fito su faɗa da Hausa da Zabarmanci, a rediyo, cewa duk macen da ta zo da jini za a karɓe ta, a yi mata magani, kuma abin da ta faɗa a ɗakin ba zai fita ba. Ku kuma iyaye mata, in ƴarku ta kwanta tana zubar da jini, ku kai ta likita a daren nan, tambaya ta biyo baya.