Daga Zauren Malam: Dawakin Cikin Inji da Abin da Su Ke Ci

 Yau ina so mu yi zancen inji na mota. Wani zai ce ina ruwan malamin allo da inji? To, ruwansa shi ne kuɗin da ya kamata su zama jari, ko kuɗin makarantar yara, su ne yanzu a ke kai wa tashar jirgin ruwa ta Tema a fanso motar da ta fi ƙarfin mai ita. Samarinmu in sun zauna hira ba su da magana sai wane ya sayi mai fulogi shida, wane ya sayi mai fulogi takwas. Ba ka jin wanda ya tambayi abin da ta ke sha. Don haka na ga ya kyautu mu leƙa Alƙahira ta ƙasar Masar, inda 'ya'yanmu ke zuwa karatu Azhar, gama mutanen can sun daɗe da gwada manya da ƙanana, sun kuwa biya kuɗin gwajin.

Da farko sai mu san ma'auni, don kada dillali ya ruɗe mu da lambobi. Ma'auni na ɗaya shi ne girman cikin inji, watau yawan iska da man da silindojinsa za su iya ɗauka. Shi a ke rubutawa cc, kuma cc 1,000 shi ne lita guda. Ma'auni na biyu shi ne ƙarfin doki. Wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan, James Watt, shi ya yaɗa wannan awo, don ya nuna wa masu saye dawaki nawa injinsa zai maye. A awon da Turawan Faransa da Jamus ke bi, doki guda shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama mita guda cikin daƙiƙa guda. Larabawan Masar ma hisani su ke cewa, watau doki. Ma'auni na uku shi ne ƙarfin murɗa, wanda ke tayar da mota da kaya daga tsaye, ya hau da ita tudu. Shi ne injin dizal ya fi yawa da shi, shi ya sa babbar mota ta ɗaukar goro ba ta tsere da kowa, amma ba ta gaza kaya. Falke ya fi bukatar na ukun nan, samari kuwa na biyun kaɗai su ke tambaya.

To, ga labarin Masar. Sarki Faruƙu, wanda ya hau gado a 1936, mutum ne mai son motoci ƙwarai, ya tara su da yawa. Da ya yi aure a 1938, Hitler na Jamus ya aiko masa da gudummawar Marsandi ƙirar 540K. Injinta silinda takwas ne a jere, lita 5.4, dokinsa 115, in an taka shi sosai wata na'ura mai hura masa iska ta kama sai ya kai 180. A zamanin nan abin mamaki ne. Amma fa gudun ya kusa halaka shi. A 1943 ya yi karo da motar sojan Ingila a Ƙassasin, ya sha jinya. A 1952 soja suka tuɓe shi, ya bar ƙasar, motocin suka tsaya a baya.

A zamaninsa ne kuma, cikin watan Maris 1947, aka yi wani tseren motoci a tsibirin Jazira, tsakiyar kogin Nilu a Alƙahira. Wani attajiri na Italiya, Piero Dusio, mai kamfanin Cisitalia, ya ɗoro motocinsa a jirgin ruwa ya kawo. Dukansu ƙira ɗaya ne, inji ɗaya, ɗan ƙarami na Fiat mai cc 1,100 da aka ƙara wa kuzari. Franco Cortese ya zo na ɗaya, Alberto Ascari ya bi masa, shi ne kuwa wanda daga baya ya zama zakaran duniya a 1952 da 1953. Ku duba, jama'a. Ƙaramin inji ya isa tsere a gaban sarki, kuma da aka daidaita injuna sai aka ga bambancin yana hannun mai tuƙi.

Da mulki ya koma hannun Jamal Abdul Nasir sai aka juya tunani. Maimakon mota guda mai dawaki 180 ta mutum guda, sai aka nemi mota mai araha ta jama'a. Aka fara da Ramses, wadda aka gina bisa ƙirar NSU Prinz ta Jamus, silinda biyu, wajen cc 600, doki wajen 30. A 1960 aka kafa kamfanin Nasr a Helwan, kudu da Alƙahira, yana harhaɗa motocin Fiat. Wadda ta fi shahara ita ce Nasr 128, mai cc 1,116 da doki 55. Ita da Lada ta Rasha, da Shahin, da Peugeot 504 wadda mu ke ce wa Fijo, su ne suka yi shekaru suna aikin tasi mai fenti baƙi da fari a birnin. Kamfanin ya daina ƙera motoci a 2009, aka sake buɗe shi a 2024, ya fara da manyan motocin safa.

Fijo 504 ba baƙuwa ba ce a wurinku. Ta fito a 1968, an harhaɗa ta a Masar, an harhaɗa ta a Kaduna. Injinta lita biyu ne, duk da haka ita ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyar turɓaya da laka irin tamu. Abin da ya sa ta yi suna kuwa shi ne ba ta da wuyar sha'ani. In ta tsaya a daji, makaniki mai sifana da sukundireba ya tashe ta.

Yanzu bari mu gwada ƙarami da babba. A 2005 kamfanin Bugatti ya fitar da Veyron, mai silinda 16, lita 8, doki 1,001, tana gudun kilomita 407 a awa, kuɗinta wajen yuro miliyan guda. Ku auna ta da Nasr 128 mai doki 55, wadda ke kai wajen kilomita 135. Dawaki sun ninka sau 18, gudu kuwa sau uku kurum ya ninka. Ina sauran dawakin suka tafi? Iska ta cinye su. Ƙa'idar ita ce, in kana so ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka keta iska da shi sai ya ninka wajen sau takwas, watau biyu sau biyu sau biyu. Duk almajirin da ya yi hisabi zai gane wannan. Kowane doki kuma sai ya ci. Tankin Veyron lita 100 ne, in an sake ta iyakar gudunta, cikin wajen minti 12 ya ƙare ƙaf. Ashe kilomita 100 na farko su ne masu araha, kowane ƙari daga nan tsadarsa hawa ta ke yi.

Sa'an nan a tambaya, ina za a yi gudun? Alƙahira da kewayenta mutum ya fi miliyan 20. Gadar 6 ga Oktoba, wadda tsawonta ya kai kilomita 20, in ta cika da la'asar, babbar Marsandi mai silinda 12 da doki 408, irin ƙirar 1991 da Misrawa ke yi wa laƙabi shabah, watau fatalwa, tana tsaye ne kusa da tsohuwar 128. Dukansu tafiyar kunkuru su ke yi, sai dai ɗaya tana ƙona mai ninkin ɗaya. Haka ya ke a Kejetia, haka ya ke a Nima. Babbar hanyar Ankara zuwa Tema ma doka ba ta yarda a wuce kilomita 100 ba, wannan kuwa tsohuwar Fijo ta iya.

Gwamnatin Masar da kanta ta sa wa girman inji farashi. A tsarin kwastan da suka yi shekaru suna bi, motar da ba ta wuce cc 1,600 ba harajinta 40 bisa 100 ne, wadda ta wuce kuwa 135 bisa 100. Watau in ka sayo motoci biyu kowacce a fam 100, ƙaramar za ta tsaya maka 140, babbar 235, tun ba a zo ga harajin saye na 14 bisa 100 da sauran kuɗaɗen da su ma ke hawa da girman inji ba. Daga Janairu 2019 an ɗauke wa motocin ƙasashen Tarayyar Turai kuɗin kwastan saboda yarjejeniyar ciniki, amma sauran harajin ba su faɗi ba. Wannan ya sa yawancin motocin da a ke saye a Masar ba su wuce lita 1.6 ba. Mu ma a nan Gana, harajin shigowa yana duba girman inji, kuma motar da ta wuce shekara 10 akwai tara a kanta. Wanda ya ga babbar mota ta faɗi kuɗi a Amurka ya yi murna, a Tema zai gane dalili.

Masu ƙera motoci da suka ga haka sai suka ɓullo da dabara. Suka ɗaura wa ƙaramin inji wata fanka da a ke kira tabo, hayaƙin salansa ke juya ta, ita kuma ta cusa iska mai yawa cikin silinda. Da haka Peugeot ta zamanin nan mai lita 1.6 ta ke ba da doki 165 ko fiye, ta wuce tsohuwar 504 mai lita biyu nesa ba kusa ba. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Injin nan yana zafi ƙwarai, yana son baƙin mai na ainihi a kan kari, yana son fetur mai kyau. A Masar fetur hawa uku ne, 80 da 92 da 95, kuma irin wannan inji ba ya shan na ƙasa. In tabo ta ƙone, ko kwamfutar motar ta rikice, ba aikin sifana ba ne.

Ga kuma zancen mai. Kafin Yuli 2014 litar fetur 92 a Masar fam 1 da girshi 85 ce, gama gwamnati na biyan saura. A watan nan aka kai ta fam 2 da girshi 60. Aka karya darajar fam a Nuwamba 2016, aka sake a Maris 2024, zuwa Oktoba 2024 litar nan ta kai fam 15 da girshi 25, ninki takwas da ɗoriya cikin shekara goma. Wanda ya sayi babban inji lokacin araha, shi ya fara kuka. Masu tasi da yawa suka juya motocinsu zuwa iskar gas, musamman bayan an gano rijiyar Zohr a tekun Bahar Rum a 2015. 'Yan'uwanmu na Nijeriya sun ɗanɗana irin wannan da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayu 2023. Farashin da gwamnati ke riƙe da shi, ranar da ta saki hannu ba ta shawara da kowa.

Mu yi lissafi na misali. A ce ƙaramar mota tana shan lita 8 a kilomita 100, babba tana shan 16, kai kuwa kana tafiyar kilomita 20,000 a shekara. Ƙarama ta sha lita 1,600, babba 3,200. Bambanci lita 1,600 ne. Alhaji, ka ninka shi da kuɗin lita a gidan man unguwarku, ka ga ko bai kai kuɗin karatun yaro ba. Ka ƙara da fulogi takwas maimakon huɗu, da baƙin mai mai yawa a kowane juye, da manyan tayoyi.

Saura kayan gyara. Direban Alƙahira kafin ya sayi mota sai ya tambayi kasuwar Taufiƙiyya da unguwar Hirafiyyin ko suna da kayanta. Mu ma Allah ya ba mu Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Ankara. Motar da kayanta ke zube a can ita ce mai araha, ko da ta fi tsada ranar saye. Wadda sai an yi aike Turai a jira wata biyu, kwana sittin ke nan ba ta kawo ko sisi ba, ga mai bashi yana sallama.

Shawarata ga dattawa ita ce, in yaro ya zo neman albarka zai sayi mota, kada a tsaya ga sa albarka kaɗai. A tambaye shi abu huɗu. Wane aiki za ta yi, kaya ko fasinja ko iyali? Lita nawa ta ke sha a kilomita 100? Nawa kwastan za su karɓa? Wane makaniki ne a garin nan ya san cikinta? In ya amsa duka, a yi masa addu'a. In ya ce shi dai ƙararta ta ke ba shi sha'awa, a tuna masa daidai ruwa daidai tsaki, kuma mun kai samari maƙabarta saboda gudu, ba mu taɓa kai kowa saboda ya iso a makare ba. Wanda Allah ya hore wa, ya fitar da haƙƙin dukiyarsa, ya sayi abin da ransa ke so, ba mu da ta cewa. Wanda mu ke jiye wa shi ne mai ranto kuɗi ya sayi dawaki 300, alhali aikinsa na 90 ne.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya sa albarka a neman kowa. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.