Jiki Magayi ko Manhaja Magayiya?

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. A kan wannan hikima ce Josh Clark ya gina shirinsa na Couch to 5K a shekarar 1996, watau tsarin da ke ɗaukar wanda bai saba gudu ba, ya yi atisaye sau 3 a mako, har bayan mako 9 ya iya gudun minti 30 ba tsayawa.

Manhajojin yau sun ɗara wannan. Agogon Garmin, alal misali, yakan auna bugun zuciya da barcin mai shi, sannan ya tsara masa gudun ranar, ya sassauta in ya ga alamar gajiya. Strava kuwa, wadda aka kafa a 2009, takan nuna wa abokai abin da mutum ya gudana, su yaba masa. Babu shakka wannan yana kashe kasala.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Zuciya da huhu sukan saba da wahala kafin ƙashi da jijiya, don haka manhaja tana iya cewa a ƙara, alhali ƙwauri yana zogi. Ba ta kuma san ɗalibi yana azumi ba. Wanda ya biye wa yabon abokai ya danne ciwo, ƙarshenta ya kwanta jinya.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya riƙi manhaja mashawarciya kawai. In maganarta ta saɓa da ta jiki, to, a bi ta jiki.