RA'AYINMU: Majami'ar Da Ta Ƙi Mayar Da Bencunanta

A cikin watan Afrilu na shekarar 1990 gobara ta tashi a wata tsohuwar majami'a da ke unguwar Chelsea a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Sunan majami'ar Holy Apostles, wato Manzanni Masu Tsarki, kuma ta Ikilisiyar Efiskofal ce. Wutar ta ci rufi, ta ɓata cikin ginin, ta kuma lalata wasu tagogi masu gilashin ado waɗanda suka haura shekara ɗari. Sai da aka yi shekara huɗu ana gyara. Da aka zo sake buɗewa a 1994, shugabannin ikilisiyar suka yanke wata shawara wadda ita ce dalilin sharhinmu na wannan mako. Suka ce ba za a mayar da dogayen bencunan nan da ake kafewa a ƙasa ba, sai dai kujeru da tebura waɗanda ake iya ɗagawa. Ranar Lahadi a jera kujeru a yi sujada, daga Litinin zuwa Juma'a kuma a shimfiɗa tebura a ciyar da mayunwata a daidai wurin da aka yi addu'a.

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mai karatu ya san su wane ne waɗannan mutane. Ikilisiyar Efiskofal ita ce reshen Angilikan na Amurka. Bayan da Amurka ta ƙwaci 'yancinta daga Ingila, masu bi na can ba su iya ci gaba da yi wa Sarkin Ingila rantsuwar biyayya ba. Saboda haka bishop ɗinsu na farko, Samuel Seabury, ya tafi Sikotilan inda aka naɗa shi a 1784, sa'an nan a 1789 suka hallara a birnin Filadelfiya suka kafa tsarin mulkin ikilisiyarsu da nasu Littafin Addu'a. Kalmar Efiskofal daga Helenanci take, ma'anarta ikilisiyar da bishop-bishop ke lura da ita. Ke nan tushensu ɗaya da 'yan'uwanmu Angilikan na Wusasa da Kaduna da Jos.

Ba mu manta ba, akwai babban saɓani tsakanin ɓangarorin biyu. A 2003 Ikilisiyar Efiskofal ta naɗa Gene Robinson bishop, alhali yana zaune tare da namiji ɗan'uwansa tamkar ma'aurata, kuma Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya, a ƙarƙashin Babban Bishop Peter Akinola, ta yanke hulɗa da ita a kan haka. Wannan magana tana nan, kuma ba ita muka zo tattaunawa yau ba. Amma saɓani da mutum a kan wani batu bai hana a lura da inda ya yi daidai ba. Ko a gonar abokin gaba ka ga kunya ta miƙe, ka san an iya huɗa.

Ciyarwar Manzanni Masu Tsarki ta soma ne a 1982, lokacin da marasa gidaje suka yawaita a titunan Niyok. A ranar farko mutum 35 aka ba abinci. Kafin wani lokaci sai layi ya zagaye ginin, har wurin ya zama gidan ciyarwa mafi girma a duk birnin, inda a shekaru masu yawa akan raba abinci fiye da kwano 1,000 a kowace ranar aiki. Kafin gobarar, a wani ɗan ɗaki na gidan mishan da ke jikin majami'ar ake ci, mutane suna shiga rukuni-rukuni saboda ƙarancin wuri. Gobarar ma ba ta tsayar da tukunya ba. Bayan 1994 kuwa, mutumin da ya kwana a tashar jirgin ƙasa yakan zauna a ƙarƙashin rufin nan mai tsawo, kusa da bagade, ya ci abinci mai zafi a natse. Ba a tambayarsa sunansa, ba a tambayarsa addininsa, ba a kuma ce sai ya saurari wa'azi kafin a zuba masa. Waɗanda ke aikin sukan kira shi baƙo, kamar yadda ake kiran wanda ya sauka a gidan mutum. Da annobar korona ta zo a 2020 aka daina zama a ciki, sai aka koma miƙa abinci a ƙunshe a bakin ƙofa, cikin majami'ar kuma ya zama wurin ɗaura kayan abinci a jakunkuna domin iyalai.

Wani misalin yana can yammacin ƙasar, a birnin San Faransisko, a majami'ar Waliyyi Gregori na Nisa wadda aka kafa a 1978. Wata 'yar jarida mai suna Sara Miles, wadda ta tashi a gidan da ba a addini, ta shiga majami'ar tana da shekara 46, ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma. A shekarar 2000 ta roƙi ikilisiyar a ba ta izinin raba abinci. Aka riƙa jibge dankali da shinkafa da wake da burodi da kayan lambu kewaye da teburin Jibin Ubangiji, ɗaruruwan iyalai suna zuwa mako-mako suna zaɓar abin da suke bukata ba tare da nuna wata takarda ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, yawancin masu aikin rabon su ne waɗanda da farko suka zo karɓa. Wanda ya shigo da jaka wofi a bara, bana shi ke riƙe da ƙofa yana yi wa mutane maraba.

To, daga ina irin wannan aiki ke samun ƙarfi? A ganinmu amsar tana cikin yadda aka tsara ikilisiyar unguwa a wurinsu. Limami ba shi kaɗai ke riƙe da ragama ba. Kowace shekara 'yan ikilisiya sukan yi babban taro su zaɓi majalisa daga cikinsu, maza da mata, kuma ita wannan majalisa ce ke da alhakin kuɗi da gini, ita ce kuma ke kiran sabon limami da amincewar bishop. Akwai masu kula guda biyu, babba da ƙarami, waɗanda ba su karɓar albashi. Kusan ƙarshen kowace shekara kowane gida yakan rubuta alkawarin abin da zai bayar a shekara mai zuwa, a kan wannan ne ake tsara kasafi, a kuma karanta shi a gaban kowa. Mutumin da ya san inda kuɗinsa ke tafiya, ba ya jin nauyin ƙara lokacinsa a kai.

Haka nan a wajen sujada. Littafin Addu'arsu na 1979 ya mai da Jibin Ubangiji babbar sujadar kowace Lahadi, kuma a sashen koyarwarsa, inda ya lissafa masu hidimar ikilisiya, da talakawan masu bi ya fara kafin ya ambaci bishop da limami da dikon. A duk lokacin da aka yi baftisma, dukan jama'a sukan tashi su sabunta alkawarinsu, ciki har da cewa za su bauta wa Almasihu ta wurin yi wa kowane mutum hidima, su kuma kiyaye darajar kowane ɗan Adam. Akwai ƙungiyar da ke wanke ƙyallayen bagade da goge ƙoƙo tun ranar Asabar. Akwai masu karanta nassi, da mawaƙa, da malaman Makarantar Lahadi, da waɗanda ke ɗaukar gurasa da ruwan inabi daga bagade su kai wa tsofaffi da marasa lafiya a gida. Bayan an tashi akan tsaya a sha shayi ko gahawa tare, a nan ne ake jin wane ya rasa aiki, wance tana asibiti. Da dare kuma ɗakunan ƙasa na majami'u da yawa sukan zama wurin taron masu neman rabuwa da giya. Wannan ma yana da tarihi, domin wani limamin Efiskofal na Niyok mai suna Samuel Shoemaker yana cikin waɗanda suka yi tasiri a kan mutanen da suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a 1935.

Idan aka haɗa waɗannan duka, sai a ga cewa teburin ciyarwa na ranar Litinin ci gaba ne na teburin ranar Lahadi. Wanda ya saba miƙa hannu ya karɓi gurasa wadda bai saya ba, bai kuma cancanta ba, da wuya ya tsare mayunwaci da tambayoyi. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana cewa gardamar farko da ta taso a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ce, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai domin wannan aiki. Ashe tun farko ikilisiya da tukunya take tafe.

Sai dai kuma akwai masu cewa duk wannan hidima ba ta cika majami'u ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A tsakiyar shekarun 1960 Ikilisiyar Efiskofal tana da mutane fiye da miliyan 3, amma a 2023 sun ragu zuwa kimanin miliyan 1 da rabi. Ikilisiyoyinsu da yawa ba su tara mutum 50 a ranar Lahadi, kuma galibin masu zuwa furfura ta kama su. Wannan gargaɗi ne babba. Aikin sa kai yana bukatar masu sa kai, kuma idan ba a haifi sababbin masu bi ta wurin bishara da koyarwa ba, wata rana za a wayi gari da tukunya amma babu mai hura wuta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ikilisiyar da ta bar wa'azi ta zama ofishin agaji kawai, tana cin irin da ya kamata ta shuka.

Amma ba mu yarda a mai da wannan gargaɗi hujjar naɗe hannu ba. Ba a ciyar da mayunwaci don a ƙara yawan sunaye a rajista. Ana ciyar da shi ne don yana jin yunwa, don kuma Ubangiji ya koyar cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta, shi aka yi wa. Kuskuren da ake jin tsoro a can shi ne hidima ba wa'azi. Wanda ya fi kusa da mu a nan shi ne wa'azi ba hidima, ga majami'u cike maƙil ranar Lahadi, ga su a kulle da kwaɗo sauran kwana shida, gwauruwa kuma tana wucewa ta bakin ƙofa da tallan da bai isa abincin dare ba. Alhali kuwa muna da gadon da za mu duba. Waɗanda suka kafa Wusasa ba majami'a kaɗai suka gina ba, har da asibiti da makaranta, kuma Zumuntar Mata ta daɗe tana ɗauke da nauyin jinya da zaman makoki da biki ba tare da an rubuta sunan kowa a jarida ba.

Saboda haka wannan shafi yana kira ga dattawa da majalisun ikilisiyoyinmu, na kowace ɗariƙa, da su zauna su lissafa sa'o'i nawa ne a mako gininsu ke buɗe, da kuma su wa ke amfana da shi. Wanda ba shi da halin dafa wa mutum 1,000, yana iya ajiye buhu a bakin ƙofa kowane gida ya zuba mudu ɗaya bayan girbi. Yana iya buɗe ɗakin Makarantar Lahadi da yamma domin yaran unguwa su yi karatu, ko domin koyar da manya yaƙi da jahilci.

Har ila yau muna kira da a kiyaye abubuwa uku waɗanda misalan nan suka koyar. Na farko, kada a tambayi mabukaci addininsa ko ƙabilarsa, domin a garuruwanmu da suka sha fama da rikici, kwanon tuwon da ya ƙetare katanga yana yin abin da taron sulhu bai yi ba. Na biyu, a ba wanda aka taimaka wa dama shi ma ya kama aiki, don kada ya zauna kullum a matsayin mai miƙa hannu. Na uku, a karanta lissafin kuɗi da na kaya a gaban jama'a, a kuma riƙa sauya masu aiki, kada a bar wa mata biyar ko shida nauyin ikilisiya duka har su gaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe muna tunatar da matasa cewa wannan aiki nasu ne tun yanzu. Iyayen da ke share majami'a da ziyartar marasa lafiya a yau ba za su dawwama ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba ikilisiyoyinmu zuciyar buɗe ƙofa, ya kuma ƙara wa masu hidima a ɓoye ƙarfi da haƙuri. Amin.