Zuwa Mars da gaba da ita: ina guzuri, ina rijiya?

Duk wanda ya kwana a fili da bazara a Magarya ko Dungas ya san Zara matar wata, ya san Kaza da ƴaƴanta. Yaran lakwal kuwa sukan tambaya: shin ɗan Adam zai taka waɗannan wurare wata rana?

Duniyar Mars dai ta riga mu kawo ziyara. Ran 3 ga watan Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya masana suka tabbatar ɓallin Mars ne. A 2023 aka tsinci wanda ya fi shi, kilo 24 da ɗoriya, a jihar Agadas. Aka yi gwanjonsa a New York a watan Yuli 2025 kan dala miliyan 5 da ƴan kai, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita ƙasar.

Rama ziyarar ita ce aiki, kuma a ganinmu guzuri ne babbar matsala. Kumbo yakan yi wata 6 zuwa 9 kafin ya isa Mars, hanyar kuma sau ɗaya take buɗewa cikin wata 26, lokacin da duniyoyin biyu suka daidaita. Madugun ayarin gishiri mai zuwa Bilma ya san zai shayar da raƙumansa a Fashi. Matafiyin sama ba shi da zango ko ɗaya. Shi ya sa a tashar sama ta ƙasa da ƙasa ake tace gumi da fitsarin mazauna a mayar da su ruwan sha, har aka kai kashi 98 cikin 100 a 2023. A 2021 wata na'ura da ke jikin motar Perseverance ta tatso iskar numfashi daga iskar Mars, kaɗan ce, amma ta tatso. Saura abinci, da ƙashin mutum da ke raunana in babu nauyi, da hasken sararin sama mai jawo ciwon daji.

Injin nukiliya zai iya rage kwanakin. Amurka ta gwada irinsa a ƙasa cikin shekarun 1960, ta yi watsi da shi a 1973. Makamashinsa yuraniyom ne, irin wanda ake haƙa a Arlit.

Taurari kuwa wata magana ce daban. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, yana cin kilomita 17 a daƙiƙa guda. Daga Magarya zuwa Damagaram ba zai cika daƙiƙa 6 ba. Duk da wannan gudu, sai ya shekara fiye da 70.000 kafin ya ci nisan da ke tsakaninmu da Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana.

Don haka wasu masana ke batun jirgi mai girman gari, inda za a yi noma, a yi aure, a haihu, a mutu, jikokin jikoki su isa. Mu wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Alhazan ƙafa sun bar ƙasar Hausa da sanda da gora, suka shekara suna tafe, aka haifi ƴaƴa a hanya, da yawa suka zauna Sudan, zuriyarsu na can har gobe. Sai dai su, in guzuri ya ƙare, sukan yada zango a wani gari su yi ƙodagon noma damina guda, sannan su ƙara gaba.