Makaɗi Ba Abin Raini Ba Ne

Tungar Guru wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, cikin Jihar Zamfara. Mutanensa manoma ne, kamar maƙwabtansu na Anka da Gummi. A ƙauyuka irin wannan, in damina ta sauka aka kira gayya, samari sukan jeru a gona da garemani, makaɗi kuwa ya biyo su da gangar noma. Yana kiɗa yana kiran sunan kowa, har da na kakansa. Wanda ya gaji, da ya ji an ambace shi sai ya ƙara duƙawa. Kafin la'asar an gama gonar da mutum ɗaya zai yi kwanaki yana fama da ita.

Duk da haka akwai masu raina makaɗi. Su ce ai maroƙi ne, ba ya noma, ba ya saƙa, sai miƙa hannu. Wannan magana ba daidai ba ce.

Da fari dai, kusan kowace sana'a ta Hausa tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, 'yan mata suna da shantu, mata a cikin gida suna da ƙwarya, sarki kuwa yana da tambari da kakaki da algaita. Wanda ya san garinsu, ko daga nesa ya ji kiɗa, ya san suna ake yi, ko aure, ko naɗi. Watau kiɗa ne ke tara mutane wuri ɗaya.

Makaɗi kuma ma'ajin tarihi ne. Tun ba a yawaita littattafai ba, makaɗan fada ke riƙe sunayen sarakuna da jerin iyayensu. Ƙasar Zamfara ta yi suna ƙwarai wajen wannan. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙi da kotso. Daga ƙasar Bakura Musa Ɗanƙwairo ya fito, wanda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. Akwai kuma Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Hausar da ke bakin waɗannan mutane ta tsofaffi ce, kuma da ba don waƙoƙinsu ba, da kalmomi da yawa sun ɓace.

Ban da haka, makaɗi yakan faɗi abin da talaka ke jin nauyin faɗa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan ƙaramin kuntigi yake kaɗawa, mai tsirkiya ɗaya. Bai tsaya ga manya kaɗai ba. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi waƙa a kan zaman aure, ya tuna wa mai hali cewa na ƙasa da shi ma mutum ne. Masu mulki sun ji, talakawa sun ji, gama waƙa ba ta neman iznin shiga zaure.

Mutanen Tungar Guru sun san tsadar labarin da bai iso da wuri ba. A shekarar 2010 aka gane cewa duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da gubar dalma. Ana niƙa su a cikin gidaje, ƙura ta bi ƙasa, yara suna wasa a kanta suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙasashen Anka da Bukkuyum, Tungar Guru kuwa tana cikin ƙauyukan da abin ya shafa. Likita ya san cutar, ya san maganinta. Amma gargaɗin da aka rubuta a takarda, wanda ya iya karatu kaɗai yake amfana da shi. Gargaɗin da aka sa a waƙa kuwa, uwa za ta rera shi tana daka, yaro ya ɗauka ya kai dandali. Saboda haka ya kamata likita da malami su riƙa jawo makaɗi cikin aikinsu.

To, masu suka ba su rasa abin kamawa ba. Akwai makaɗin da ke yabon azzalumi don kuɗi, ko ya zuga mai ɗauke da makami, ko ya zagi wanda ya hana shi kyauta. Wannan mummunan hali ne, kuma laifin mai bakin ne, ba na ganga ba. Wuƙar da mahauci ke fiɗa da ita, ita ɓarawo ke ɗauka, ba a kuwa ce a daina ƙira ba.

Manyan makarantu ma sun shaida darajar wannan sana'a. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, ga shi kuwa da kalangu ya yi suna. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa yana rubutawa. Ɗalibai sukan zauna su saurari waƙar Narambaɗa, su rubuta ta, su warware ma'anarta, har su ci jarrabawa da ita.

Don haka yaron Tungar Guru da ya ji kiɗa a gona ko a ƙofar hakimi, ya kamata ya kasa kunne. In ya ji kalmar da bai sani ba, ya tambayi kakansa, ya rubuta a littafinsa. Ɗan makaɗi kuma kada ya ji kunyar sana'ar ubansa a aji, kada kuma ya bar aji saboda ita. In ya haɗa ganga da alƙalami, zai san abin da ya cancanci yabo, ya kuma iya ajiye waƙoƙin ubansa a rubuce domin na baya.