Sanarwar Bayan Taro Kan Wakafi da Bashi Marar Ruwa a Ƙasar Rijau

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mu 'yan ƙungiyar taimakon juna ta manoma da masu ƙananan sana'o'i a Ƙaramar Hukumar Rijau, cikin masarautar Kontagora ta Jihar Neja, mun yi zama na yini biyu a garin Rijau bayan an gama shigar da amfanin gona gida. Wakilai sun zo daga Dukku, Tungan Magajiya, Warari, Genu da ƙauyukan kewaye. A cikinmu akwai limamai da malaman Islamiyya, da dillalan hatsi, da iyayenmu mata masu riƙe da adashi. Magana ɗaya ce ta tara mu: me ya sa manomin da ya cika rumbu da kaka yake neman tiyar dawa a hannun wani kafin watan Agusta ya fita?

Taron ya daɗe a kan wannan tambaya, kuma amsar da bakuna suka haɗu a kanta ita ce bashin ba-da-kaka. Damina ta yi tsakiya, taki ya ƙare, yaro ya kwanta da zazzaɓi, ga kuɗin 'yan ƙwadago. Sai manomi ya je wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya ko kuɗinsa, a kan zai biya biyu idan kaka ta yi. Ranar da ya sussuke, rabin guminsa na wani ne. Abin da ya rage ya kai kasuwa a lokacin da hatsi ya fi arha, domin kowa ya fito da nasa. Baɗi ya sake komawa ƙofar nan. Malamanmu sun faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa duk rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce, ko da kuɗi aka yi shi ko da dawa. Wanda kuma ya gudu ya ci bashi mai ruwa a wani wuri, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. A kan wannan tsohon ciwo ne tsadar sufuri da ta taki suka hau tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga kuma 'yan bindiga da suka kore shanun noma, suka raba mutane da gonakinsu. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, mu ba mu ji wani sabon labari ba.

Taron ya yaba wa masu fitar da zakka, ya kuma tunatar da cewa abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ake fitarwa idan ya kai nisabi. Amma zakka ana bayarwa ne a ci, kuma Alƙur'ani ya ƙayyade rukunin mutane takwas da za a ba. Abin da muka yi sake da shi shi ne wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya ke kira hubusi: a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta ya riƙa gudana ga jama'a. Haka Manzon Allah (SAW) ya shawarci Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, haka Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. A ƙasarmu da an ce wakafi sai hankali ya tafi ga masallaci da maƙabarta kawai. Malamai sun bayyana cewa mazhabar Imam Malik ta buɗe ƙofa fiye da haka. Ana yin wakafin dabba da kayan aiki, ana yin na kuɗi domin a riƙa rantawa ana mayarwa, har ma mutum na iya ba da gonarsa ko shagonsa na shekaru ƙididdigaggu, bayan nan ya koma hannunsa ko na magadansa. Wannan bayani ya sanyaya ran dattawa da dama da ke tsoron kada su bar 'ya'yansu hannu rabbana.

Saboda haka taron ya yanke shawarar kafa asusun wakafi domin rance marar ruwa, mai ƙafa biyu: kuɗi da hatsi. Ƙafar hatsi ce ta fi ɗaukar lokacinmu. Naira tana zagwanyewa a hannu. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, wanda ke nufin asusun da ya ranta dubu ɗari ya karɓi dubu ɗari bayan shekara ya rame ko da kowa ya biya. Buhun dawa kuwa buhun dawa ne. A ba manomi da damina, ya mayar da kwatankwacinsa da kaka, mudu da mudu, a ajiye a rumbun tsimi har wata daminar. Da yake malaman mazhaba sun yi saɓani a kan wakafin abinci, an ɗora wa malamanmu su rubuto mana hukuncin da za a bi kafin a auna tiya ɗaya. Ƙafar kuɗi kuma za ta fi karkata ga mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu man kaɗe da daddawa, da matasa masu koyon sana'a. Za a bayar ne ga rukunin mutum biyar da suka san juna, su tsaya wa juna, kamar yadda adashi ke tafiya tun kaka da kakanni. An kawo misalin ƙungiyar Akhuwat ta Pakistan, wadda Dokta Amjad Saƙib ya kafa a 2001, tana raba rance marar ruwa a masallatai a gaban jama'a. Za mu yi koyi da wannan.

Rance ba ya haihuwa, don haka dole asusun ya sami abin da zai ciyar da shi. Gonaki da shagunan da aka bayar za a sa su haya, a biya mai gadi da magatakarda da maganin ƙwari daga ciki. Ga manomin da kuɗi yake so ba hatsi ba, an amince da cinikin salam: asusu ya biya shi kuɗin amfanin gona tun da wuri, a faɗi iri da awo da ranar kawowa, a kan farashin da ba na cuta ba.

Mun ga gonakin da aka ce an bar wa Allah da baki, mai su ya rasu, magada suka raba. A Malikiyya hubusi ba ya tabbata sai ya bar hannun mai shi ya shiga hannun wanda zai kula da shi, tun kafin ciwon ajali ko karyewar arziki. Don haka ba za mu karɓi komai ba sai da takarda, da shaidu, da sa hannun mai unguwa da hakimi, a kuma kai gaban alƙali. Kuɗin zakka ba zai haɗu da na wakafi a jaka ɗaya ba. Wanda fari ko ambaliya ko 'yan bindiga suka karya, za a jinkirta masa, a nema masa taimako daga zakka, tunda wanda bashi ya danne na cikin takwas ɗin nan. Wanda yake da shi ya ƙi biya, sunansa zai je gaban rukuninsa da mai unguwarsa. Ba za a ranta wa shugabannin ƙungiya ko matansu ba muddin suna kan kujera, kuma duk wata uku za a karanta lissafi a bainar jama'a. Duk mai neman kujerar siyasa da ya kawo gudunmawa za a karɓa a yi masa addu'a, amma ba za a liƙa hotonsa a buhu ba.

Taron ya jaddada cewa Rijau gida ce ta Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista. Shari'a ta halatta wakafi ya amfani maƙwabcin da ba Musulmi ba, kuma haka za a rubuta a takardar asusun.

Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu II, Allah ya ja zamaninsa, ya sa mana albarka, ya umarci hakimai da dagatai su riƙa shaidar takardun wakafi. Muna kira ga hukumar zakka da wakafi ta Jihar Neja ta yi mana rajista ta horar da magatakardanmu, ga jihohin Sakkwato da Kano da Zamfara masu irin wannan hukuma da za a iya ɗaukar darasi a wurinsu. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, su waiwayi karkara su turo wakilansu ranakun kasuwa. Gwamnatin Mai Girma Gwamna Muhammad Umaru Bago kuma ta tsare mana hanyoyin gona, domin wanda bai noma ba babu abin da zai mayar.

Kiranmu na ƙarshe ga 'ya'yan Rijau ne da ke Kontagora, Minna, Zuru, Abuja da Legas, da manyan manomanmu na gida. Yanzu hatsi ke da sauƙi. Mai buhu ya kawo buhu, mai tiya ya kawo tiya, mai gonar da ba ya nomawa ya ba mu aronta ko na shekara uku ne. Littafin rajista yana hannun magatakarda, kuma muna so rumbun ya cika kafin ruwan shuka ya sauka.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Magatakarda